Ƙashin da Muka Binne Gindin Magarya

Na san abin da kuka taso kuna ji a bakin mutanen unguwa. Wasu sun ce muku na taɓa haukacewa, na ɗauki hauya na tone bayan gida da tsakar rana, maƙwabta na leƙe ta bisa katanga. Wasu sun ce ina da wata mata a ɓoye wajen Tozai, shi ya sa duk kaka nake ɗaura damin gero a keke in nufi can. Kuma ba wanda ya taɓa gaya muku dalilin da ya sa baffanku Bello ya yi shekara bakwai bai tako ƙofar gidan nan ba. Tono dai na yi shi, gero ma ina kaiwa, amma hauka da mata ƙarya ce tsagwaronta. Tun da Allah ya ja kwanana har na ga jikoki, bari in faɗi abin da bakina, kada in mutu ku gaji labarin da 'yan bakin kasuwa suka ƙulla.

A shekarun da aka rufe boda, mai keke shi ne mutum a Illela. Mota ba ta wucewa, mu kuwa muna da hanyoyinmu cikin gonaki. In ɗaura katan-katan na sabulu da ashana har su fi kaina tsawo, in shiga Kwanni ta ƙasar Nijar, in dawo da dabino da 'yan sefa a aljihu. Da wannan keken na yi aure, da shi na rufe ɗakin nan da kwano. Ban iya noma ba, ban iya zaman shago ba, ƙafa biyu da feda biyu su ne dukiyata. Sai wata damina ruwa ya cinye hanya, ni ban sani ba, tayar gaba ta zurma kwazazzabo. Gwiwata ta dama ta daki dutse, kayan suka biyo ta. Wani mai ɗori na ƙauyen Araba ya yi iyakar ƙoƙarinsa, Allah ya saka masa, amma gwiwar ta haɗe a karkace, ta kumbura kamar ƙaramar ƙwarya, ba ta miƙewa ba ta lanƙwasa. Shekara biyu ina zaune a zaure bisa tabarma ina jin ƙararrawar kekunan wasu. Uwarku ce ke ciyar da mu da kuɗin fura. Wallahi akwai ranar da na juya wa bango fuska na yi kuka, ni da gemuna.

Yaya Bello ma'aikacin gwamnati ne a Sakkwato, mutum mai kirki amma mai gaggawa, ko gaisuwa yake yi idonsa na kan agogo. Wata Juma'a ya zo, ya zauna gaban mahaifiyarmu, Inna, ya ce akwai wani likita Bature da ya sauka wani babban asibitin ƙashi, tafiyar yini guda a mota, yana yanke gwiwar da ta lalace ya sa ta ƙarfe, kuma har ya ba da sunana.

"Mi?" in ji Inna. "A yanke mi?"

"Bakin ƙashin kawai, Inna, inda ya lalace. Zai yi tafiya, har keke zai hau."

Ta daɗe tana duban ƙafata, sannan ta ce, "To ku ji ni da kyau. Abin da duk anka hidda jikin Mamman, ko awa ƙwayar gero na, a kawo min shi. Cikakke na haihe shi. Ba a yad da ɗan Adam bisa juji awa ƙashin akuya."

Ku kun san haka muke a gidan nan. Ko haƙori ne ya fita, ko gashin aski, rami ake tonawa a rufe. Yaya ya ce ya ji, ya ɗauki alkawari.

A asibitin, gadon da ke kusa da nawa wani tsoho ne, baƙi siriri, ana ce masa Maidaji. Da ya ji harshena sai ya ɗago kai ya ce ni ɗan ina ne. Na ce Illela. Ya ce ashe gida ne, shi mafarauci ne daga wani ƙauye ta wajen Tozai. Bindigarsa ta ɗurawa ce ta fashe masa, dalma ta shige gwiwa ta zauna. Ƙanensa ya kawo shi ya koma, don shuka ba ta jira. Kwana tara muka yi tare, kuma ban ji ya yi zancen mata ko ɗiya ba sai na karensa. Har na ce masa, Baba, kai kam kare ka aura? Ya yi dariya har da tari. Ranar da za a shiga da mu, don rana ɗaya aka sa mana, ya miƙo hannu ya kama nawa.

"Baƙi na wuluk, kunne guda yanke, sunanai Duna. Ba shi cin abinci hannun kowa sai nawa. In ka riga ni isa gida, ɗana, ka biya ka ce ma tsohuwar matata ta aza mai tuwo bisa tsohon takalmina. In ya ji warina, shina ci."

"In sha Allahu, Baba," na ce, kamar yadda ake cewa.

Shi aka fara yi wa, sannan ni. Na farka na ji ƙafata kamar an jibga mata turmi. Shi bai farka da kyau ba. Kwana uku, da safe, na ga an yaye zanin gadonsa. Ba nasa ko ɗaya a garin, Musulmin wurin suka yi masa sutura. Ranar da aka sallame ni, Yaya ya shigo da sauri, mota na jira, riƙe da wani ɗan ƙulli na farin ƙyalle da bai fi dunƙulen hannu ba. Ya ce wani dattijon ma'aikaci ne ya ba shi, wanda ke adana irin wannan saboda mutanenmu. Ya tura shi cikin jaka ya ce ga saƙon Inna.

Da muka iso gida, Inna ko ɗinkin ba ta duba ba. Ta karɓi ƙullin, ta ɗebi ruwa a ƙwarya da ganyen magarya, irin na wankan mamaci, ta shiga ɗaki ta ja ƙyaure. Ta daɗe, har uwarku ta fara yi mata sallama. Da ta fito fuskarta ta canja, kamar wadda ta tashi daga jinya. Ta ja Yaya gefe ta yi masa wata tambaya da ban ji ba, ya amsa yana duban agogo. Sai ta ce ya tona rami gindin magaryar bayan gida, ya yi sauri. Aka rufe, aka yi addu'a. Tun daga ranar Inna ba ta ƙara zama ta gefen ƙafata ta dama ba. In na miƙe ta a tsakar gida, sai ta zagaya.

Likitan ya ce keke shi ne maganin gwiwar. Don haka da na yar da sanduna, na kafa keken bisa jak a zaure, tayar baya a sama, nake hawa ina juya feda a wuri ɗaya. Farko rabin zagaye nake yi gumi na tsiyaya. Gwiwar tana ƙara, ƙas, ƙas, kamar ana haɗa cokula biyu. A hankali ta saki. Wata shida ina wannan, har na fara zagaya unguwa, mata na guɗa, maza na cewa Mamman mai ƙafar Bature. A cikin wannan murnar ne karen ya bayyana. Da tsakar rana yake zuwa, lokacin da inuwar mutum ke komawa ƙarƙashin ƙafarsa, gari ya yi tsit ko kaza ba ta motsi. Ya kwanta bayan katangarmu daidai saitin magarya, haɓa bisa ƙafafu, ido kan bango. Ba haushi, ba kaɗa wutsiya. A jefe shi, ya matsa kaɗan ya dawo. A ba shi abinci, ko shinshinawa ba ya yi, duk haƙarƙarinsa a waje. Baƙi ne, kuma kun san abin da mutane ke cewa game da baƙin kare da tsakar rana. A daidai wannan lokacin kullum gwiwata sai ta yi sanyi ƙalau, kamar an ɗebo ruwan randa an ɗura a ciki, alhali kwanon ɗaki na ƙara don zafi. Na ga yankakken kunnen tun ranar farko. Na kau da kai, na ce wa zuciyata karnuka masu yankakken kunne sun yi yawa a duniya. Gaskiyar magana kunya nake ji, don saƙon tsoho na nan a wuyana ban kai ba.

Ranar da na fara ɗaukar kaya, farin cikina ba ya misaltuwa. Na fita gari da hantsi, rana ta take lokacin da na isa mararraba, inda hanya ɗaya ta miƙe Kwanni, ɗaya ta karkata wajen Tozai. Ina dosar ta Kwanni sai ƙafar ta ƙage. Ba ciwo, ba komai, feda kawai ta ƙi sauka, kamar wani ya sa hannu ya tare ta daga ƙasa. Na sauka na duba sarƙa, lafiya lau. Na juya kan keken don in koma gida, ya ɗan karkata wajen hanyar Tozai, sai na ji ƙafar ta tafi da kanta, sumul, kamar ta saurayi. Na matse birki. Can gaba cikin hanyar ga baƙin karen tsaye, ya waiwayo yana dubana. Ba kowa a wurin, ko iska ba ta kaɗa ganye. Na tura keken da hannu har gida. Washegari haka, wanshekare haka. A rana ta uku mai kayan ya aiko aka sauke sabulunsa aka ba wani, ya ce a gaya mini in ƙara hutawa. Na san ma'anar wannan hutun. An yanka ni, an sa mini ƙarfe, kuma ga ni zan koma bisa tabarma uwarku ta ci gaba da dakan fura.

A rana ta huɗu na zagaya bayan katanga da tsakar rana. Yana kwance inda ya saba. Na tsaya nesa kaɗan, na ce a hankali, "Duna."

Ya ɗago kai. Ya yi wani ɗan kuka siriri, irin wanda ban taɓa jin kare ya yi ba, ya sake maida ido kan bango. Duk gashin jikina ya tashi. Na shiga gida kai tsaye, na iske Inna a ƙofar ɗakinta tana kaɗi.

"Inna, mi anka binne gindin magarya?"

Mazarin ya tsaya. Ta kwance haɓar zaninta, ta buɗe tafin hannu. Wasu 'yan ƙwayoyin dalma ne guda uku, sun yi baƙi.

"Ina wanke shi sunka hwaɗo cikin ƙwarya," ta ce. "An taɓa harbinka?"

"A'a."

"To."

"Don mi ba ki hwaɗi ba, Inna? Wata bakwai!"

"In hwaɗi mi? Na tambayi wanka Bello yadda anka yi da tsohon da yam mutu, yac ce an sa mai ƙullinai cikin kabari. Ƙulli biyu na, an ba mu nashi. Naka kuwa..." Sai muryarta ta karye. "Ɗana na da rai, gwiwatai na kabari. Kullum sai in ga awa an kai ma ƙasa ɗanɗano, tana jiran saura. Na ce in na ruhe wanga na yi shiru, ko ta manta da kai."

Ban taɓa ganin Inna tana kuka ba sai ranar. Wata bakwai tana ɗauke da wannan ita kaɗai, tana kwana da dalmar wani a zaninta. Na ji tausayinta, na kuma ji haushi, ban san wanda ya fi ba. Na ce zan tone shi in kai shi gidansu. Ta ce sai dai a gaya wa wana, ba a yin haka bayan idonsa. Aka aika Sakkwato. Ya zo ranar Asabar, ko rigarsa bai cire ba ya fara faɗa a tsakar gida.

"Guntun ƙashi ne fa, Mamman! An rufe shi da addu'a, mi ya rage? So kake garin nan ya ce na kai ƙanena asibiti na dawo da gawar wani a jaka? Ni na tsaya maka, ni na kwana bisa benci. Kare ne, ya ji warin maigidansa, shi ke nan. Ƙafarka kuma tsoro ne. In ka tona ramin nan, fuskata ka tona."

"Yaya, fuskarka ba ta taka feda," na ce.

Wannan maganar ita ce nake da-na-sani a kanta har gobe. Tonon ban yi nadamarsa ba, amma bakina ya yi kaifi ga mutumin da ya mai da ni tsaye. Wataƙila ma gaskiya ya faɗa, wari ne da tsoro. Sai dai ni ban san yadda kare zai ji wari daga Tozai har Illela ba, ta cikin ƙasa zira'i guda. Ya dube ni, ya dubi Inna, ya fita. Ni kuma na ɗauki hauya. Ban jira dare ba, don ba sata nake yi ba. Maƙwabta da suka ji hayaniya suka cika bisa katanga, ina jin wata tana cewa ƙarfen ne ya taɓa masa kai. Na durƙusa bisa gwiwar hagu na tona. Ƙullin na nan yadda aka sa shi, damina guda ta wuce a kansa amma ko gara ba ta taɓa ƙyallen ba. Ina ɗago shi sai na ji mutane sun yi shiru. Karen ne ya shigo ta zaure, a gidan da kare bai taɓa shiga ba, ya tako har gabana ya tsaya. Uwarku ta ɗauki muciya.

"Ku bar shi," in ji Inna. Ta matso ta sa dalmar nan uku cikin ƙullin, ta ɗaure da hannunta.

Na ɗaure shi a kariyar keke inda nake ɗaure sabulu, na hau. Duna na gaba ina biye. A mararraba ban ko taɓa birki ba. Ban taɓa zuwa ƙauyen ba, ban tambayi kowa hanya ba. Muka bi ta gonaki, ta wani busasshen rafi, ta wata tsamiya da ta faɗi. In na yi baya ya tsaya ya jira, in na iso ya ci gaba. Gwiwar na ƙas, ƙas, ba sanyi ba zafi, kuma duk tsawon hanyar ina jin keken ya yi nauyi a baya kamar na goyo mutum. Ban waiwaya ba ko sau ɗaya. Bayan la'asar ya tsaya a ƙofar wani gida na zana. Wata tsohuwa ta fito, ta ga karen, ta dafe ƙirji.

"Duna! Ina ka shiga?" Sannan ta dube ni. "Bawan Allah, kai wa na?"

Na sauka na durƙusa, na gaya mata duka, tun daga gadon asibiti har hauya. Ƙanen mijin ya riga ya kawo musu labarin rasuwar tun tuni, amma ba su ga ko hularsa ba. Na kwance ƙullin na miƙa mata hannu biyu. Sannan na faɗi saƙon takalmi, kaina a ƙasa, na ce wata bakwai ya yi a bakina, ta yafe mini. Ta shiga ɗaki ta fito da wani tsohon takalmin taya, ta gutsuro tuwo ta ɗora a kai, ta ajiye. Karen ya shinshina, ya daɗe, sannan ya ci. Tsohuwa ta rufe fuska da zani. Ni ma ban iya riƙe hawayena ba.

Liman da mazan ƙauyen suka rufe ƙullin a maƙabartarsu, kusa da iyayensa. Da muka dawo zan hau keke, tsohuwa ta biyo ni bakin ƙofa.

"Kai kuma naka ƙashin, ɗana?"

"Yana wurin Baba, cikin kabarinai."

Ta gyaɗa kai. "To kak ka damu. Mutumen nan bai taɓa yad da kayan kowa ba. Shina riƙe ma har ka zo."

Karen bai biyo ni ba. Kwana biyu bayan nan na ɗaura kaya na wuce mararraba na shiga Kwanni, feda na sauka kamar ba a taɓa yin komai ba. Da wannan ƙafar na ciyar da ku, na sa ku makaranta, har babura suka zo suka kore mu daga hanya. Geron da nake kaiwa na tsohuwar ne, bayan ta rasu na jikokinta, kuma ina so ku ci gaba da kaiwa. Yaya kuwa sai janazar Inna ce ta shigo da shi gidan nan. A maƙabarta ya tsaya kusa da ni, ya dubi ƙafata ya ce, tana aiki? Na ce tana aiki, Yaya, albarkacinka. Iyakar abin da muka ce ke nan, kuma ya wadatar. Kada in ji ɗayanku ya ambace shi sai da alheri.

Yanzu ƙarfen ya tsufa, ni ma na tsufa, keken na jingine a zaure tayoyinsa sun sace. In kun gan ni zaune gindin magarya da tsakar rana, na dafa gwiwa ina motsa baki, ba hauka ba ce ta dawo. Sanyin nan ne. Ya yi shekaru bai zo ba, bana ya fara dawowa, a hankali, kamar mutum ya aza maka tafin hannu don ya tuna maka da ajiyarka. Ba na jin tsoro kamar da. Nakan ce masa, na ji, Baba, ƙara riƙewa kaɗan, ina nan tafe.